Wa Ke Koya wa Malami?

Jama'a, kowa ya san randa. Kome girmanta, in ana ɗiba ba a zubawa, wata rana sai moɗa ta taɓo ƙasa. To, haka malami ya ke. Kullum 'yan aji suna ɗibar abin da ke kansa. In kuwa ba ya ƙaro wani, ba da daɗewa ba sai ya koma maimaita abin da ya faɗa bara. 'Yan aji su gaji, su riƙa zamewa da ɗai ɗai, har aji ya mutu.

Saboda haka yau za mu duba inda malami ke ɗebo ilmi bayan ya gama makarantar horo. Maganar ta shafe ku ƙwarai, domin abin da malamin ajinku ya ɗebo shi za ku sha. Haka kuma 'ya'yanku da ke firamare.

Zumuncin ilmi

A Nijeriya, mafi ƙarancin takardar da a ke so malamin makaranta ya riƙe ita ce NCE. Karatunta shekara uku ne. Amma wanda ya same ta yana iya yin shekara talatin ko fiye yana koyarwa. A cikin wannan tsawon lokaci a kan sake littattafai, a kan sake tsarin darussa, duniya ma kanta tana sakewa. Guzurin shekara uku ba zai kai mutum tafiyar shekara talatin ba.

Gwamnati ta kan kira malamai bita, amma ba kullum ba, kuma ba kowa ke samun zuwa ba. Don haka malami mai hankali ya kan nemi waɗansu mutane da zai riƙa tambaya. Wani malami ne ɗan'uwansa a ƙauyen da ke kusa. Wani tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. Wani ma'aikacin asibiti ne, wani malamin gona ne. Ya haɗa da littattafai da rediyo da waya. Waɗannan duka a haɗe su mu ke kira zumuncin ilmi. Ba gwamnati ke naɗa wa malami su ba. Shi ne zai zaɓa da kansa, gwargwadon abin da ya ke bukata, kamar yadda manomi ke zaɓen waɗanda zai kira gayya.

Abin ya daɗe a ƙasarmu

Kada ku zaci baƙon abu ne. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta shirya irin wannan zumunci a ƙasar Sakkwato. Ta kan zaɓi dattijuwa amintacciya daga ƙauye, ta ba ta malfa, a kira ta jaji. Jaji ta kan jagoranci mata su zo wurin Nana, su ɗauki karatu a cikin waƙoƙin da ta tsara, su koma gida su koya wa sauran mata. In an jima su sake dawowa su ƙaro. Su ne a ke kira 'Yan Taru. Kun ga jaji malama ce a ƙauyenta, ɗaliba ce a gaban Nana.

A wancan zamani zumunci a ƙafa ya ke. Mai son ya tambayi malami sai ya ɗaura tafiya, wani lokaci ta kwana da kwanaki.

Sa'an nan takarda da rediyo suka rage nisa. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, malamin ƙauye ya sami abin karantawa da harshensa. A 1957 BBC ta fara watsa shiri da Hausa, a 1962 kuma aka buɗe gidan rediyon Kaduna. A 1976, shekarar da aka fara shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda a ke kira NTI. Dabararta ita ce malami ya ƙara karatu ba tare da ya bar ajinsa ba. A ba shi littattafai ya karanta a gida, ran Asabar ko lokacin hutu ya je cibiyar karatu ya sadu da masu koya masa da 'yan'uwansa malamai.

Wayar hannu

A 2001 wayar hannu irin ta yanzu ta shigo Nijeriya. Daga baya aka sami manyan wayoyi masu shiga intanet. Intanet ita ce hanyar da ta haɗa wayoyi da kwamfutocin duniya, har su iya aika wa juna rubutu da murya da hoto. Wayarka ta kan aika saƙo zuwa dogon ƙarfen nan na sabis da ku ke gani a bakin gari, shi kuma ya miƙa gaba, har saƙo ya isa kafin ka ajiye wayar.

Ga yadda malamai ke amfani da ita. A cikin WhatsApp a kan buɗe zaure, watau wurin da mutane da yawa ke magana tare. Abin da ɗaya ya aika, kowa zai gani. A ce malamai ashirin na gunduma ɗaya sun buɗe nasu. Ɗayansu yana da damuwa: 'yan ajinsa suna rikita d da ɗ, suna rikita k da ƙ. Da dare sai ya ɗauki saƙon murya ya faɗi damuwarsa. Kafin gari ya waye wata malama ta amsa, ta ce ya rubuta kalmomi biyu biyu a allo, kamar fada da faɗa, kafa da ƙafa, baki da baƙi, ya sa 'yan aji su faɗi ma'anar kowace. In suka ga lanƙwasa ɗaya tana mai da fadar sarki ta zama faɗa, ba za su sake mantawa ba. Wani kuma ya aiko da hoton allonsa don a ga yadda ya jera su.

Haka kuma lissafi. Wani ya ce 'yan ajinsa sun kasa gane dalilin da ya sa a ke rubuta 23 da lamba biyu. Sai a ce masa ya yanka karan dawa guntu guntu, ya ɗaure goma goma. Dami biyu da kara uku, ashirin da uku ke nan. Bai sayi kome ba, darasi kuwa ya zauna.

Da can wannan malami sai ya jira ranar bita, ko ranar da mai duba makarantu ya zo. Yanzu ya kwana da tambaya ya tashi da amsa. Matambayi ba ya ɓata.

Rumbunan karatu

Ban da zaure, akwai rumbunan karatu a intanet waɗanda a ke ɗiba kyauta. Ɗaya shi ne TESSA. An fara shi a 2005, da haɗin gwiwar wata jami'ar karatu daga gida ta Ingila da makarantun horon malamai na Afirka, har da NTI ta Kaduna. A cikinsa akwai dabarun koyar da karatu da lissafi da kimiyya ta amfani da abin da ke kusa da malami. An rubuta shi da Turanci da Faransanci da Larabci da Swahili. Saboda haka malamin Nijeriya da na Nijar da na Sudan kowa yana da harshen da zai karanta.

Wani kuma shi ne Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta buɗe a 2022 tare da UNICEF da kamfanin Microsoft. Yana da darussan yara da na malamai, waɗansu da Hausa. Akwai kuma Wikipedia ta Hausa, inda masu sa kai ke rubuta bayani a kan garuruwa da mutane da abubuwa. Mai son babbar takarda kuwa yana iya shiga jami'ar karatu daga gida ta Nijeriya, watau NOUN, wadda ke da cibiyoyi a jihohi.

Rediyo ma ba ta tsufa ba. A 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, jihohi kamar Kano da Kaduna sun riƙa koyar da darussa ta rediyo. Malamin da ya kasa kunne ya ji yadda wani gwani ke ɓullo wa darasin da shi ma ya ke koyarwa.

Wahalar da ke ciki

Abin yana da tsada, kada mu ɓoye muku. Waya kuɗi ce, caji kuɗi ne, data kuɗi ce. Data ita ce abin da a ke saye don a shiga intanet, tana kuwa ƙarewa kamar kananzir a fitila. Rubutu ba ya cin data da yawa. Murya ta fi shi ci, bidiyo ya fi duka. A waɗansu ƙauyuka kuma sabis sai an hau tudu.

Akwai dabara. Malami ɗaya in ya shiga gari ran kasuwa, ya sauke darussa a wayarsa. In ya komo ya tura wa 'yan'uwansa ta Bluetooth, ko ya ba su a memori. Wannan ba ya cin data. Wanda ba shi da babbar waya kuwa, ƙarama ta isa ya kira ya yi tambaya. Malamai huɗu ko biyar na ƙauyuka maƙwabta suna iya sa rana ɗaya a wata, su haɗu a gindin bishiya, kowa ya kawo abin da ya gagare shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tsaba da tsakuwa

Babban haɗari shi ne ƙarya. Intanet kamar kasuwa ta ke, kowa ya kan baza hajarsa, mai kyau da ruɓaɓɓiya. Ƙaryar da mutum ɗaya ya ji, shi kaɗai ta cuta. Wadda malami ya ɗauka kuwa, aji guda za ta shiga, daga nan ta bi su gida. Ku duba maganar magani. In malami ya karanta wa aji wani haɗin da ya gani a waya, wata uwa ta ba ɗanta, wa ya san abin da zai biyo baya?

Yanzu ma akwai na'urori, irin su ChatGPT da aka fito da shi a 2022, waɗanda a ke yi wa tambaya su amsa kamar mutum. Suna taimakon malami wajen shirya darasi. Amma su kan yi kuskure, kuma ba sa jin kunya, da murya ɗaya su ke faɗin daidai da kuskure.

Saboda haka ga abin da mu ke horon malamai da shi:

1. Kafin ka kai magana aji, ka san wanda ya faɗe ta. Maganar lafiya a tambayi ma'aikacin asibiti, ta noma a tambayi malamin gona.
2. Ka gwada dabara a ajinka, sa'an nan ka koma ka gaya wa 'yan'uwa yadda ta kasance, ko ta yi ko ba ta yi ba.
3. Kada ka zama mai karɓa kaɗai. Abin da ka iya, ka bayar.
4. Ka ajiye littafi guda kana rubuta abin da ka koya. Waya tana ɓata, tana lalacewa.
5. Kada ka aika hoton 'yan aji sai da izninsu, balle ajin mata.
6. Duk wanda ya ce zai sayar maka da takardar shaida ba karatu, ko ya nemi lambar sirrin bankinka, ɗan damfara ne.
7. Zaure biyu masu amfani sun fi goma na surutu. In ana aji kuwa, waya ta koma aljihu.

Naku aikin

To, 'yan'uwa, ku ma kuna da rabo a wannan aiki. In kun yi tambaya malami ya ce, "Ku dakata in tambayo," kada ku raina shi. Wanda ya kamata ku ji tsoro shi ne mai amsa kome nan take ko bai sani ba. Ku riƙa kawo masa tambayoyi na gaske: rubutun da ke jikin buhun taki, takardar asibiti, saƙon banki da ya shigo wayarku. Tambayarku ita ke tura shi nema.

In an kira shi bita, kada ku ce ya gudu ya bar ku. Kwamitin aji yana iya taimakonsa da kuɗin mota ko na data, in da hali. Mai sola a gida ya bar shi ya yi caji.

Ku tuna kuma ku kanku kuna cikin zumuncinsa. Manomi ya fi shi sanin ƙasa da iri. Ungozoma, da maƙeri, da mai awo a kasuwa, kowa yana da abin da malami bai sani ba. Tsofaffi suna da tarihin gari da karin magana. In ya tambaye ku, ku gaya masa, ya rubuta ya zama darasi, har ya aika wa malaman waɗansu garuruwa.

Wata rana waninku zai tsaya gaban allo yana koya wa na baya. Sai ya fara tun yanzu. Ya nemi mutum biyu ko uku a cikin aji waɗanda za su riƙa bitar karatu tare bayan an tashi. Gemu ba ya hana ilmi, alli a hannu ma ba ya hanawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa horon kwaleji kaɗai ba ya isar malami?
2. Mene ne aikin jaji a cikin 'Yan Taru?
3. A wace shekara aka kafa NTI, kuma a wane gari?
4. Rubutu da murya da bidiyo, wanne ya fi cin data?
5. Rubuta sunan sana'a uku a garinku waɗanda malami zai iya koyon wani abu wurin masu yinsu.