Yadda Ake Siffanta Kiɗan Nishaɗi a Hausa: Jagora ga Mai Koyar da Baƙon Harshe

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da Bahaushe ke bi wajen siffanta kiɗan da ke faranta rai, da yadda za a koyar da su ga wanda ya fara koyon Hausa. Da yawa daga cikinmu aji za mu shiga bayan kammala karatu, kuma ba duk ɗalibanmu ne suka tashi da Hausa a baki ba. A ƙaramar hukumarmu ta Dambam kaɗai akwai Fulani da Barebari da Karekare, ga kuma masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa daga Kudu. Idan malami bai san inda gizo ke saƙa ba, sai ya bar ɗalibi da jimlar da ba ta saɓa wa nahawu ba, amma kunnen Bahaushe ba zai karɓe ta ba.

Inda Matsalar Take

Zan ɗauki misali daga harshen Sulobak na ƙasar Sulobakiya da ke tsakiyar Turai. A can kalma ɗaya, wato "hudba", ta ƙunshi kiɗa da busa baki ɗaya. Suna kuma da sifa guda mai nufin fara'a, wadda ke sauya ƙarshenta gwargwadon jinsi uku: "veselý tanec" ga rawa, "veselá hudba" ga kiɗa, "veselé dieťa" ga yaro. Da sifar nan ɗaya ɗalibi zai siffanta mutum da kiɗa da rawa.

A Hausa abin ba haka yake ba. Da farko, mun raba fannin gida uku: kiɗa na ganga da kalangu da gurmi, busa na algaita da sarewa da kakaki, sai waƙa ta baki. Na biyu, farin ciki da fara'a da murna halaye ne na mai rai. Shi ya sa idan ɗalibi ya ce "kiɗa mai farin ciki" sai a yi murmushi, domin kiɗa ba shi da cikin da zai yi fari. Abin da ake cewa shi ne "kiɗa mai sa farin ciki".

Hanyoyi Huɗu

1. Amfani da "mai" da "masu". Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, don "mai" ba ta damu da jinsi ba, adadi kawai take kula da shi: kiɗa mai daɗi, waƙa mai daɗi, waƙoƙi masu daɗi. Haka nan ana cewa kiɗa mai armashi, murya mai zaƙi.

2. Sifa ta hanyar ninki. Tun a 1955 F. W. Parsons ya yi nazarin sunaye irin su daɗi da zaƙi da zafi, da sifofin da ake samu daga gare su. Daga daɗi ake samun daddaɗa, daga zaƙi zazzaƙa, daga zafi zazzafa. A nan ne jinsi ke fitowa a jikin mahaɗi: daddaɗan kiɗa, daddaɗar waƙa, daɗaɗan waƙoƙi. Sai malami ya tunatar da ɗalibi cewa kiɗa namiji ne, waƙa da ganga da rawa kuwa mata ne.

3. Aikatau mai nuna tasiri. Bahaushe ya fi son faɗin abin da kiɗa ya yi masa: ya ratsa ni, ya faranta mini rai, ya ɗebe mini kewa, ya sa ni nishaɗi.

4. Siffanta 'yan kallo. Sau da yawa ba a taɓa kiɗan kansa, sai a ce mata sun rangaɗa guɗa, samari sun cashe, tsofaffi suna rausayawa, an yi ta liƙi. Mai sauraro ya riga ya gane cewa wasa ya yi armashi.

Ba Kowane Kiɗa Mai Zafi Ne Na Nishaɗi Ba

Wannan wuri ne da baƙo ke yawan tuntuɓe. Amadar Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, kiɗan ƙwarya ne na bikin mata, ana cewa yana da armashi. Kalangun Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ana cewa suna da daɗi, suna ɗebe kewa. Amma kiɗan dambe irin na Ɗan'anace, ko kiɗan tauri, ko gangar noma a wajen gayya, tsuma mutum suke yi, wato su motsa shi ya ji ƙarfi da jarunta. Shi kuwa busan algaita da kakaki a hawan salla a fadar Sarkin Katagum da ke Azare, da kotson Musa Ɗanƙwairo, ƙasaita da kwarjini suke nunawa. Wanda ya kira taken ɗan dambe kiɗan nishaɗi ya nuna bai san abin da ake yi a fagen ba.

Shawara ga Malami

A ganina, kada a fara da jerin kalmomi a allo. A kunna wa ɗalibai kiɗa iri uku, na biki da na dambe da na fada, kowanne minti 2. Bayan kowanne a yi tambaya uku: Wane irin kiɗa ne? A ina ake yin sa? Me ya sa ka ji? Amsar tambaya ta uku ita ce za ta jawo aikatau irin su ratsa da tsuma da faranta. Sai an ƙware a "mai" da "masu" sannan a shiga ninki.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa Hausa ta fi siffanta kiɗa ta ɗanɗano da tasiri da yanayin taro. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya je gida hutu ya tattaro kalmomin da ake faɗa a dandali da gidan biki na garinsu, domin abin da ake cewa a Dambam ko Jalam ba lalle ya zama shi ake cewa a Sakkwato ko Maraɗi ba.