Yadda Mutanen Suwidin Suka Yi Da Talauci

 Ga labarin wata ƙasa da ke can ƙuryar arewacin Turai, ana ce da ita Suwidin, da hanyar da mutanenta suka bi suka raba talakansu da yunwa ba tare da sun raba attajirinsu da dukiyarsa ba. Hanyar nan ita Turawa ke kira soshal dimokuraɗiyya, watau mulkin ƙuri'a wanda ke barin kasuwa ta ci, sa'an nan ya ɗebi rabo daga ribarta ya tsare marasa ƙarfi.

Wanda ya ji labarin wadatar ƙasar nan sai ya zaci haka ta tashi. Ko kusa. Daga shekara ta 1867 zuwa 1869 amfanin gona ya ƙi, da fari don tsananin sanyi, daga baya don ƙarancin ruwa, aka yi yunwa har mutane suna niƙa ɓawon itace su gauraya da gari su yi gurasa. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajen 1930 mutum fiye da miliyan 1 suka haye teku zuwa Amurka neman abinci, alhali kuwa a 1900 jama'ar ƙasar duka miliyan 5 ce da 'yan kai. Waɗanda suka zauna suka cika wuraren tsaga katako da ramukan haƙar ƙarfe, aiki mai yawa, lada kaɗan. Ran da ciwo ya kwantar da maigida, ran nan tukunyar gidansa ta sauka.

Da wuya ta yi wuya sai ma'aikata suka haɗa kai, suka kafa jam'iyyarsu a 1889, kana suka tara ƙungiyoyinsu na ƙwadago wuri guda a 1898. A zamanin nan masu neman gyara a Turai sun kasu biyu. Kashi ɗaya suka ce babu magani sai a tayar da tarzoma, a ƙwace gonaki da masana'antu a danƙa wa gwamnati, kuma haka aka yi a Rasha bayan juyin 1917. Kashi na biyu suka bi ra'ayin wani Bajamushe, Eduard Bernstein, wanda ya rubuta littafi a 1899 yana nuna cewa da ƙuri'a da doka ana iya gyara halin talaka sannu a hankali. Shugaban jam'iyyar ma'aikatan Suwidin, Hjalmar Branting, hanya ta biyu ya ɗauka. Ya zama Firayim Minista a 1920, a 1921 kuwa maza da mata suka jefa ƙuri'a tare a zaɓen majalisa.

Amma fa kafin a shirya an sha wuya. A 1909 ma'aikata wajen 300,000 suka yi yajin aiki, masu masana'antu suka ƙi sakowa, aka yi ta ja har ma'aikata suka koma hannu rabbana. Ran 14 ga watan Mayu 1931, a wani kwari da ake kira Adalen, soja suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga, mutum biyar suka mutu. Abin nan ya girgiza ƙasar, har kowane ɓangare ya gane in aka ci gaba da haka, da mai jari da lebura duk gidan zai rushe a kansu.

A lokacin nan jam'iyyar tana hannun Per Albin Hansson, ɗan wani magini. Tun 1928 ya tashi a majalisa ya ce ƙasa ta gari kamar gida na gari take, inda babu ɗan mowa babu ɗan bora, kuma babba ba ya danne ƙarami. Daga nan aka riƙa kiran manufarsa Gidan Jama'a. Ya hau mulki a 1932, ana tsakiyar karyewar ciniki ta duniya, rashin aiki ya yi yawa, shi kuwa ba shi da rinjaye a majalisa. Sai ya nemi jam'iyyar manoma a 1933 suka daidaita: manomi a tsare masa farashin amfaninsa, ma'aikaci a ba shi aikin gwamnati da cikakken lada. Masu suka suka sa wa shirin suna Cinikin Saniya don ba'a, sunan kuwa ya bi shi har yau. A 1938 kuma, a garin Saltsjobaden, ƙungiyar ƙwadago da ƙungiyar masu ba da aiki suka sa hannu a kan za su riƙa yanke maganar lada tsakaninsu a zaune, kafin a kai ga yaji ko rufe ma'aikata.

A kan wannan harsashi aka yi ta ɗora gini, galibi a zamanin Tage Erlander, wanda ya riƙe mulki shekara 23, daga 1946 zuwa 1969. A 1948 aka soma biyan kuɗin reno ga kowane yaro, ɗan attajiri da ɗan talaka daidai, aka kuma ƙara fenshon tsofaffi. A 1955 aka sa kowa cikin asusun jinya, don kada kuɗin magani ya ci jarin mutum. A 1962 aka wajabta makaranta ta shekara tara, kyauta. Daga 1965 zuwa 1974 aka gina muhalli wajen miliyan 1.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne, galibin shaguna da kamfanoni ba a taɓa su ba. Kamfanin motoci na Volvo da na tarho na Ericsson da bankin zuriyar Wallenberg duk suka zauna a hannun masu su, suna saye da sayarwa a kasuwannin duniya. Shugabannin jam'iyyar sun san saniya tatsa ake yi, wanda ya yanka ta ya ci nama kwana biyu ya rasa nono har abada. Sai dai nonon da ake tatsa ba kaɗan ba ne. Harajin ƙasar yakan wuce kashi 40 cikin 100 na duk abin da aka samar a shekara, kuma yawancin kaya akwai harajin saye na kashi 25 cikin 100 a kansu, wanda talaka ma yana biya. Kada kuma a manta ƙasar ba ta shiga yaƙin duniya na ɗaya ko na biyu ba, saboda haka da aka gama yaƙi a 1945 masana'antunta na tsaye, Turai kuwa na bukatar ƙarfe da katako.

To, me ya sa mutane ke biyan haraji mai nauyi haka? Dalili na farko, kowa na sha daga randar da ya zuba wa ruwa, gama asibitin da ya karɓi lebura shi ke karɓar mai kamfani. Na biyu, amana. Tun 1766 dokarsu ta ba kowa ikon duba takardun gwamnati, tun 1809 kuma majalisa ke naɗa wakili mai jin ƙarar talaka a kan ma'aikatan hukuma. Har abin da mutum ya samu a shekara da harajin da aka yanka masa, wanda ya tambaya a ofishin haraji sai a faɗa masa. Inda babu duhu, ɓera ba ya sakewa a rumbu.

Duk da haka sun taɓa wuce gona da iri. A 1973 Ingvar Kamprad, mai kamfanin kayan ɗaki na IKEA, ya bar ƙasar, bai komo da zama ba sai 2014. A 1976 wata mashahuriyar marubuciya, Astrid Lindgren, ta bayyana a jarida cewa harajin da ya hau kan ƙarin abin da ta samu ya kai kashi 102 cikin 100, watau ya fi kuɗin kansa. A shekarar nan jam'iyyar ta faɗi zaɓe bayan shekara 44. Da ta komo ta kawo dokar da za ta sa a riƙa sayen hannun jari a kamfanoni da wani kashi na ribarsu, a ajiye a asusun da 'yan ƙwadago ke da rinjaye a kansa, sai dubun dubatar mutane suka fito titin Istokholm a 1983 suna ƙi, gwamnatin da ta hau a 1991 kuwa ta soke shi. A 1992 bankuna suka shiga uku, kuɗin ƙasar ya raunana, dole aka tsuke wasu biye-biyen.

Daga nan ma'auni ya karkata ɗaya gefen. Aka soke harajin gado a 2004, aka soke na tarin dukiya a 2007, tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi kuwa ta yi ta buɗewa tun daga shekarun 1980. Amma jam'iyyun da suka karɓi mulki a 1976 da 1991 da 2006 da 2022, babu wadda ta rushe kuɗin reno ko jinya ko makaranta. Gardamarsu a kan yawan tatsa ce, da wanda zai riƙe ƙwarya.

Malamai sun sani haraji daban, zakka daban. Zakka ibada ce mai nisabi da ƙa'ida, ɗaya cikin arba'in a dukiyar ciniki in shekara ta kewayo, ana ba da ita ga kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba, kuma babu harajin da ke sauke ta daga wuyan mai dukiya. Amma zancen cewa matalauci na da hakki a cikin dukiyar mawadaci ba baƙo ba ne a zauren karatu, littattafan tarihi kuma sun kawo yadda Sayyidina Umar ya kafa diwani ya yanka wa mutane rabo daga baitulmali, har da jarirai. Abin da labarin Suwidin ya nuna shi ne, irin wannan gida ginshiƙi biyu ke riƙe shi: a bar mai nema ya nema ya ci riba, kuma abin da aka karɓa a hannunsa ya isa inda aka ce za a kai shi. In ɗaya ya goce, ɗayan ba ya ɗaukar rufin shi kaɗai.

Allah ya ba shugabanni riƙon amana, ya sa wa 'yan kasuwa albarka a nemansu, ya rufa asirin talakawa. Amin. Wassalamu.