Wasan yara shi ne makarantar farko

Ƴan'uwa maza da mata, karatunmu na yau a kan ƙananan yara ne, waɗanda ba su isa shiga lakkwal ba. A Nijar yaro yana shiga ajin farko da shekara 6 ko 7. To, kafin wannan lokaci, wa ke koya mishi? Uwa da uba ne, da kaka, da yayye. Tsakar gida ita ce ajinshi. Wasa kuma shi ne darasinshi.

Wasu iyaye suna cewa wasa ɓata lokaci ne. Likitoci kuwa sun gano cewa kafin yaro ya cika shekara 5, ƙwaƙwalwarshi ta kusa kai girman ta babban mutum. Abin da ya taɓa da hannu, da abin da ya ji da kunne a waɗannan shekaru, shi ne tushen hankalinshi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekarar 1989 ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya a kan haƙƙin yara. Nijar ta amince da ita a 1990. A cikinta an rubuta cewa wasa da hutu haƙƙin kowane yaro ne.

Kayan wasa ba sai an saya ba

A ƙasar Kurfai, da an gama girbi maza da yawa suna tahiya cin rani. Wasu Yamai, wasu Najeriya, wasu har Abijan. Mata su ke zama da yara, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga kuɗi kaɗan. Wa zai ɗauki jikka ya sayi motar roba wadda za ta karye cikin kwana biyu? Ba sai an yi haka ba. Abin da muke buƙata yana nan kewaye da mu: karan dawa, yumɓu, kaba, sakaina, tsakuwa da rairayi. Ga abubuwa biyar da za ku iya yi.

1. Shanun yumɓu

A arewacin Filinge akwai Tukunus, inda gwamnati ke kiwon shanun Azawak. Yaranmu sun san irin waɗannan shanu masu jan jiki. Ki ɗebo yumɓu, ki cuɗa shi da ruwa kaɗan. Ki ba yaro curi guda, ke ma ki ɗauki guda. Ku gina saniya tare. Ki tambaye shi: ƙafafunta nawa? Ƙahonninta nawa? Ina tozo? A shanya su a inuwa, don rana mai zafi tana fasa su.

In shanun sun kai biyar, sai a yi musu garke da tsinke. Ki ɓoye biyu a bayanki, ki ce: "Saura nawa?" Yaro bai san lissafi yake yi ba, amma ya fara ɗebewa ke nan. Murza yumɓu kuma yana ƙarfafa yatsu, su ne za su riƙe alli gobe.

2. Motar kara

Wannan aikin uba ne ko wa. A samu busasshen karan dawa. A ɓare ɓawon, a tsaga shi siri-siri. Tsokar da ke ciki mai taushi ce, a yanka ta gunduwa-gunduwa. Ɓawon shi ne ƙusa, da shi ake haɗa gunduwoyin. A fafe sakaina a yi ƙafafu huɗu. Babba shi ke riƙe wuƙa, yaro shi ke miƙo kaya. Ka ce mishi: "Ba ni dogo. Yanzu ba ni gajere. Nemo biyu masu tsawo ɗaya." Da haka yake koyon awo. In motar ta karye, kada ka yi faɗa. Ka bar shi ya nemi dabarar gyara.

3. Kasuwar tsakar gida

Kowane yaro ya ga yadda ake ciniki a kasuwar Filinge ran Lahadi. Ku kafa taku a gindin zana. Ganye ya zama yakuwa, rairayi ya zama hatsi, marfin kwalba ya zama kuɗi. Yarinya ta zauna ita ce mai kaya, ke kuma ki zo saye. Ki yi sallama, ki tambayi lahiya, ki taya, ta ce albarka. Nan tana koyon gaisuwa da ladabi da ƙirga.

Ga mai shekara 6, ana iya ƙara mishi da lissafin dala. Dala ɗaya tamma 5 ce. Dala 20 tamma 100 ce. Dala 200 ita ce jikka guda. Mu da dala muke ciniki, amma a lakkwal da tamma ake rubutawa. Yaron da ya san wannan tun daga gida, ba ya ruɗewa a gaban mushe.

4. Rubutu a ƙasa

Nan ne karatun da kuke yi a ajin yaƙi da jahilci zai yi amfani. Ki share wuri, ki baza rairayi mai laushi. Ki rubuta baƙin farko na sunan yaro da yatsa, babba-babba. Ki kama hannunshi ku bi layin tare. Sa'an nan ya jera tsakuwa ko ƙwallon dabino a kan layin. Baƙi ɗaya ya isa a mako. Ki ce mishi ya nemo abubuwan da sunansu ya fara da wannan sauti. In K ne: kaza, kara, kaba, kuka. In T ne: tulu, turmi, tabarma.

Kada a yi duka, kada a yi tsawa. In ya gaji, a bari sai gobe. Ke ma da kike koya mishi, hannunki yana ƙara faɗawa. Wanda ya koyar da abin da ya karanta, ba ya mance shi da wuri.

5. Gatana da kacici-kacici

Da dare, bayan tuwo, lokacin kaka ne. Gatanar gizo da ƙoƙi tana cika kan yaro da kalmomi. In an gama, a tambaye shi: wa ya yi wayo? Wa aka cuta? In kai ne, yaya za ka yi? Wata rana a ce shi ya ba da gatanar da bakinshi.

A ƙasarmu ana jin Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci. Kowane gida ya yi wa ɗanshi magana da harshen gidan. Yaron da ya iya harshen uwarshi sosai ya fi saurin kama wani harshe. Kada ku ji tsoro cewa Hausa za ta hana shi jin Faransanci.

Ga manyan yara

Mai shekara 6 ko 7 ya isa a koya mishi dara. A haƙa gurbi 30 a ƙasa, layi 5, kowane layi gurbi 6. Mutum ɗaya ya ɗauki tsakuwa 12, ɗayan ya ɗauki guntayen kara 12. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗaya na abokinshi. Dara tana koyar da haƙuri da tunani kafin a motsa hannu. Ƴan mata kuma suna da carafke. Uwa mai saƙar faifai ko tabarma ta ba ɗiyarta ragowar kaba ta gwada. A kwarin Dallol Boso goriba ba ta da wuya.

Amma a lura da wani abu. Sau da yawa ɗa namiji yana waje yana langa, ɗiya mace kuwa tana goye da ƙane tun sahe har marece. Taimakon uwa abu ne mai kyau. Sai dai ita ma yarinya ce. A sauke mata goyon, a ba ta lokacinta na wasa kowace rana.

A yi hattara

Yaron da bai kai shekara 3 ba, komi ya samu baki yake kai shi. Kada a ba shi tsakuwa, ko wake, ko marfin kwalba. Suna iya maƙale mishi a wuya ko a hanci.

Tsohon batir guba ne. Gwangwani ko jarkar da aka zuba maganin ƙwari ma guba ce, ko an wanke ta. A nisanta su da yara.

Babba ne zai ɗebo yumɓu a bakin tabki. Kada a aiki ƙaramin yaro shi kaɗai. A rufe bakin rijiya da randa.

A kakkaɓe kara kafin a ba yaro, saboda kunama.

Bayan wasa da ƙasa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Maganar salula

Yanzu gidaje da yawa akwai salula. In yaro ya yi kuka sai a miƙa mishi ya kalli hoto don ya yi shiru. A shekarar 2019 Hukumar Lahiya ta Duniya ta ba da shawara a kan wannan. Ta ce jariri da ɗan shekara 1 kada a zaunar da su gaban salula ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4 kuma, kada kallon ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Salula tana magana, amma ba ta sauraren yaro, ba ta amsa tambayarshi. Uwa da uba su ke yin wannan.

Ba a ce ku bar aikinku ba. Kina tankaɗe kina iya sa shi ya ƙirga ludayi. Kana gyaran darni kana iya sa shi ya ware dogon kara da gajere. Kaɗan yau, kaɗan gobe. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya raya mana zuri'a, ya yi musu albarka.

Tambayoyi

1. Waɗanne kayan wasa ne ake samu a gida ba da kuɗi ba?
2. Dala 40 tamma nawa ce?
3. Mi ya sa ba a ba ƙaramin yaro tsakuwa?
4. Rubuta sunan ɗanka ko ɗiyarki. Da wane baƙi ya fara? Nemo kalmomi uku masu farawa da shi.