Lissafi a Fagen Fama: Yadda Ake Kayar da Manyan Dodannin Wasan Kwamfuta

Gabatarwa

Daga cikin wasannin da ake yi da kwamfuta akwai wani rukuni wanda mai wasa ke shiga rigar jarumin labari, ya ja ragamar 'yar tawagarsa daga gari zuwa gari, suna yaƙi, suna tara makamai, ƙarfinsu yana ƙaruwa sannu a hankali. A ƙarshen kowane babi akan girke wani babban abokin gaba, wanda za mu kira dodo a cikin wannan maƙala, kuma labari ba ya ci gaba sai an kayar da shi. To amma akwai wasu dodannin da ba su tare wa kowa hanya ba. Suna can gefe, wanda ya so ya tsokane su, wanda bai so ba ya wuce abinsa har ya ga ƙarshen labari. Waɗannan su ne dodannin ganin-dama, kuma galibi sun fi kowa ƙarfi a cikin wasan.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa ɗalibai da malamansu cewa saurin yatsa da nacin maimaitawa ba su isa su kayar da irin waɗannan dodanni ba. Abin da ke kayar da su shi ne abin da ake koyarwa a ɗakin gwaje-gwaje: lura, da hasashe, da gwaji, da lissafi.

Dodanni biyu

Za mu ɗauki misali da wasan Final Fantasy VII, wanda kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 1997 domin na'urar PlayStation. Da aka tashi fitar da shi a Amurka da Turai a cikin wannan shekara, sai aka ƙara masa dodanni biyu na ganin-dama: Emerald Weapon, wanda ke yawo a ƙarƙashin teku, da Ruby Weapon, wanda ke binne a cikin rairayin hamada. Tsarin wasan na asali muke nufi a nan, domin sabon zubin da aka fara fitarwa a 2020 ya sauya salon yaƙin.

A wannan wasa kowane mai rai yana da makin rai. Duk bugun da aka yi masa yana rage makin, idan ya kai sifiri sai ya faɗi. Jarumai uku ne ke shiga fage a lokaci guda, kuma babu wanda makin ransa ke wuce 9,999. Haka nan babu bugu guda da ke rage fiye da 9,999, komai ƙarfin mai bugun. Dodon ƙarshe na labarin yana farawa ne da maki 80,000, ko da yake yakan ƙaru gwargwadon ƙarfin tawaga. Shi kuwa Ruby yana da 800,000, Emerald kuma miliyan ɗaya cif.

Kafin a zare takobi, a ɗauki alƙalami

Tambayar farko ita ce: bugu nawa ake bukata? Idan aka raba 1,000,000 da 9,999 za a sami ɗari da ɗan ɓurɓushi, wato bugu 101, kuma sai idan kowane bugu ya kai iyaka. Jarumai uku za su yi zagaye 34 ke nan, ba tare da ɗayansu ya tsaya shan magani ko tayar da ɗan'uwansa ba. Bugu da ƙari, da yake a ƙarƙashin ruwa ake fafatawa da Emerald, wasan ya ba da minti 20 kacal. Minti 20 daƙiƙa 1,200 ne, saboda haka dole a riƙa rage wa dodon maki wajen 833 a kowace daƙiƙa, tun daga farko har ƙarshe.

Wannan ɗan lissafi ya nuna abubuwa biyu. Na farko, ƙara wa jarumi ƙarfi bayan bugunsa ya kai 9,999 zuba ruwa ne a tulun da ya riga ya cika. Abin nema shi ne yawan bugu a cikin motsi ɗaya. Akwai wani sihiri mai suna Knights of the Round da ke bugu sau 13 a jere. Idan kowanne ya kai iyaka, an rage 129,987 a tashi ɗaya, kuma kira takwas ya gama da Emerald. Na biyu, shi wannan sihiri yana cin fiye da minti ɗaya ana nuna shi a allo, agogo kuwa bai tsaya ba. Don haka mai dabara yakan fara kawar da agogon ne tukuna: akwai wani kaya da ake samowa ta hanyar musaya da wani dattijo a garin Kalm na cikin wasan, wanda idan aka ɗaura wa jarumi ɗaya ƙa'idar minti 20 ta faɗi.

Wanda bai mallaki babban sihirin ba, akwai ƙaramin da zai fisshe shi. Sihirin Demi yana ɗebe rubu'in makin da ya rage wa abokin gaba. Yawancin manyan dodanni an yi musu rigakafinsa, amma ba a yi wa Emerald ba. Rubu'in miliyan 250,000 ne, wanda ya zarce iyaka nesa ba kusa ba, saboda haka kowane jifa zai ba da 9,999 daidai, har sai makin dodon ya sauko ƙasa sosai. Jarumi marar ƙarfi ma yana iya yin wannan aiki.

Dodo jerin umarni ne

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa dodon ba ya tunani. Jerin umarni ne da wani mai tsara manhaja ya rubuta: idan kaza ta faru, yi kaza. Duk abin da ke bin ƙa'ida kuwa ana iya gano ƙa'idarsa ta hanyar gwaji.

Mafi munin harin Emerald shi ne Aire Tam Storm, wanda ke iya shafe tawaga baki ɗaya. A wasan, jarumai suna samun sihiri ne daga wasu duwatsu masu suna Materia, waɗanda ake sakawa a gurabun makami da na sulke, har guda 16 ga mutum ɗaya. Mai shirin tunkarar babban dodo yakan cika gurabun taf, a ganinsa ya yi shiri. Sai harin ya zo, kowa ya faɗi.

Mai lura zai ga cewa wani lokaci jarumi ɗaya yakan tsira, kuma lambar da ta bayyana a kansa ba irin ta sauran ba ce. A nan ne aikin kimiyya ke farawa. Me ya bambanta shi? Sulkensa ne, ko matsayinsa a sahu, ko kayan da yake ɗauke da su? Hanyar sani ita ce a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, a bar sauran yadda suke, a rubuta sakamako. Wanda ya yi haka da adadin duwatsu zai ga mai dutse uku an rage masa 3,333, mai biyar 5,555, mai takwas 8,888. Ƙa'idar ta fito fili: illar harin ita ce 1,111 sau adadin duwatsun da jarumi ke ɗauke da su. Mai tara ko fiye zai sha 9,999, wanda babu mai iya tsallakewa. Masu tsara wasan ma sun bar alama a cikin sunan, domin idan aka karanta Aire Tam daga ƙarshe zuwa farko, Materia za a samu. Ashe kayan da aka dogara da su ne ke jawo halaka, kuma maganin shi ne a rage su.

Sanin ƙa'ida yana ba da fiye da tsira. Wasan yana da wata doka ta daban: duk jarumin da makin ransa ya tsaya a kan 7,777 daidai, zai auka wa abokin gaba da bugu sittin da 'yan kai a jere, kowanne yana rage 7,777. To, a ɗauki jarumi mai maki 9,999 cikakku, a ba shi duwatsu biyu kawai. Harin zai ɗebe masa 2,222, ya bar shi da 7,777. Ko da bugu sittin cif aka ƙirga, an rage wa dodon 466,620, kusan rabin ransa, kuma da hannunsa ya jawo wa kansa.

Ruby: wani kulli, wata hanyar kwancewa

Wanda ya ɗauki dabarun Emerald ya kai wa Ruby zai sha mamaki. Sihirin Demi ba ya kama shi, sulkensa yana da kauri ƙwarai har bugun takobi ba ya yi masa wata illa, wuta kuwa ƙara masa rai take yi. Muddin bai tsoma hannuwansa cikin rairayi ba, babu abin da ke taɓa shi, kuma a farkon faɗa yakan tayar da guguwar yashi ta kwashe jarumai ɗaya bayan ɗaya, ba su dawowa, har sai saura mutum guda.

Umarnin da ke cikinsa yana duba adadin waɗanda ke tsaye ne. Saboda haka masu wasa sukan shiga fagen da jarumai biyu a kwance tun daga waje, su bar wanda suka zaɓa a tsaye, maimakon su bar wa guguwa zaɓi. Da ya ga mutum ɗaya, sai ya tsoma hannuwansa, ƙofa ta buɗe. Sihirin Knights of the Round yana ratsa sulkensa, kuma kira bakwai masu cikakken ƙarfi sun ishi 800,000, sai dai duk lokacin da aka kira shi Ruby yakan mayar da martani da wani mugun hari mai suna Ultima. Lagonsa shi ne ba a yi masa rigakafin sandarewa ba. Sihirin Hades ko wani kaya mai suna Dazers yana sandarar da shi na ɗan lokaci, kuma sandararre ba ya rama duka. Tsarin ke nan: a sandarar, a buga, a sake sandararwa kafin ya farfaɗo.

Ina matsayin sa'a?

Duk da wannan shiri, akwai abin da ba ya hannun mai wasa, domin a wurare da dama kwamfuta tana zaɓen harin da dodo zai kai ne ta hanyar lambobin kan-mai-uwa-da-wabi. Ba a iya kawar da sa'a, amma ana iya rage mata gurbi. A ƙaddara, don misali kawai, cewa a kowane zagaye tawaga tana da damar tsira kashi 95 cikin ɗari. Damar tsallake zagaye 34 a jere ita ce 0.95 a ninka da kanta sau 34, wato kimanin kashi 17 cikin ɗari. Idan aka gajarta faɗan zuwa zagaye takwas, damar ta hau zuwa kimanin kashi 66. Ƙaramin haɗari idan aka daɗe ana maimaita shi yakan zama babba. Wannan ne ya sa ake gajarta faɗa, kuma ake tanadin kariya ta biyu, kamar haɗa dutsen Final Attack da na Phoenix, ta yadda jarumi yana faɗuwa sihirin tayarwa zai tashi da kansa.

Kammalawa

Ɗalibin da ya shafe dare yana afka wa dodo da shiri iri ɗaya sau talatin ya yi asarar barcinsa da karatunsa, bai kuma ƙaru da komai ba. Wanda ya ajiye littafi a gefe, ya rubuta lambobin da ya gani, ya sauya abu ɗaya a kowane karo, shan kaye biyu ko uku sun ishe shi gano bakin zaren. Malamin lissafi kuma yana da darasi a shirye. Alal misali, a tambayi aji: jarumi mai maki 8,888, duwatsu nawa zai ɗauka domin harin Emerald ya bar shi a kan 7,777? Idan kuma kowane bugu na Knights of the Round yana rage 6,000 ne kawai, kira nawa ake bukata a kan Ruby? Ɗalibin da ya amsa waɗannan ya yi aiki da ragewa da ninkawa da rabawa, kuma ya riga ya san dalilin da ya sa a ɗakin gwaje-gwaje ake hana shi sauya abu biyu a lokaci guda.