Mu Leƙa Ƙarƙashin Motarmu Kafin Kaka

Damina ta ja baya, saura kaɗan babbar motar ƙungiya ta fara jigilar masara da gyaɗa. Mukan duba taya da mai, amma wayoyin da ke bin shasi zuwa fitilun baya, ba mai tunawa da su.

Wuta takan fita daga batir ta waya, ta komo ta ƙarfen shasi. In gargada ta sa waya ta yi ta gogar ƙarfe har robarta ta cinye, sai wuta ta haɗu, fis ya ƙone. Aikinsa ke nan, ya ƙone domin mota ta tsira. Amma wani direba sai ya cusa takardar taba mai ƙyalli a gurbinsa. Daga nan waya ce za ta ɗau zafi, ga buhuna da tamfol a bisa, wahalar gidaje da yawa ta shekara guda.

'Yan'uwa, mu cire kan batir mai alamar ragewa tukuna, mu wanke laka, mu bi waya da hannu. Inda ta goge mu naɗe da tef, mu ɗaure ta nesa da salansa. Fis mai lamba 10 kuwa, kada a musanya shi da mai 30.