Fitilar Jira a Injin Ƙanƙara: Me Take Faɗa Maka?

A otal-otal, asibitoci da manyan gidajen abinci akwai injin da ke haɗa ƙanƙara da kansa, ya tara ta a rumbunsa, mutum ya danna ta zubo. Sau da yawa ma'aikaci kan ji injin ya yi tsit, ga 'yar fitila tana ci a gabansa, sai ya ruga kiran mai gyara. Alhali galibi lafiyar injin lau. Fitilar jira ce, tana nuna cewa akwai wuta a jikinsa, ya dakata ne kawai har wani sharaɗi ya cika.

Babban abin da ke tsayar da shi shi ne cikar rumbu. A saman rumbun akwai na'urar da ke lura da tudun ƙanƙara. A wasu injinan ido ne mai aiki da haske, a wasu kuma sanyi take ji. Da ƙanƙara ta kai gare ta, sai injin ya tsaya, in an ɗiba ya ci gaba. Amma idan ƙura ko farin ɓawon ruwa ya rufe idon, injin zai ɗauka rumbu ya cika ko da babu komai a ciki. Goge idon da tsumma mai laushi kan warware matsalar.

Na biyu, ɗaukewar wuta. Idan wuta ta dawo, ko aka koma kan janareto, injina da yawa kan jira 'yan mintoci kafin kwamfiresa ta tashi, domin matsin iskar gas ya daidaita. Wanda ya yi ta kashewa da kunnawa don gaggawa, kwamfiresar yake wahalarwa, ita kuwa tana cikin sassan da suka fi tsada a jikin injin.

Na uku, ruwa da zafi. In tanki ya ƙafe ko matata ta toshe, injin zai tsaya don kare kansa. Haka nan wasu injinan an ƙera su ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 38 ba, bazarar Kano ko Sakkwato kuwa takan haura 40. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ragar da injin ke fitar da zafi ta cikinta.

Launin fitila ba ɗaya ba ne a ko'ina. Kamfanonin ƙera injin irin su Hoshizaki, Manitowoc da Scotsman kowanne da tsarinsa, kuma fitila mai ci a tsaye daban take da mai ƙyaftawa. Saboda haka littafin da ya zo da injin shi ne alƙali. Akwai ma fitilar da ke tunatar da wanki, wanda kamfanoni kan ba da shawarar a yi aƙalla duk wata shida. Inda ake amfani da ruwan burtsatse mai gishiri, sai a riƙa yi tun kafin haka.

Abin kiyayewa shi ne, injin da ke jira ba a kashe yake ba. Yana iya tashi a kowane lokaci, abin da ke juya ƙanƙara ya kama hannu. Kafin a buɗe murfi ko a sa hannu ciki, a zare filogi daga soket. In an duba rumbu, ruwa da raga, fitila ba ta daina ƙyaftawa ba, to a nan ne kiran mai gyara ya wajaba.