Kafin Ka Sayi Firinta Mai Fesa Tawada, Ka Lissafa Kuɗin Tawadarta

A yau da wuya a sami ma'aikaci ko ɗalibin da mako zai wuce bai bukaci buga wata takarda ba, ko ta neman aiki, ko rahoton ofis, ko kuwa kundin binciken kammala karatu. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke sha'awar ajiye na'urar buga takardu, watau firinta, a gidajensu. To, amma lalle ne mai saye ya natsu, gama akwai firintar da kuɗin tawadarta na shekara guda yakan zarce kuɗin da aka saye ta.

Irin wadda aka fi saye don gida ita ce mai fesa tawada. Tana da kai mai ɗauke da ƙananan kafofi waɗanda ba su kai kaurin silin gashi ba, ta nan ne take fesa ɗigon tawada bisa takarda. Kamfanin Canon na Japan da Hewlett-Packard na Amurka su ne suka gano, a ƙarshen shekarun 1970, cewa in an zafafa tawada farat ɗaya sai ta yi kumfa, kumfar kuwa ta tunkuɗo ɗigo waje. HP ya fitar da ThinkJet a 1984, sa'an nan DeskJet a 1988. Shi kuwa Epson wata hanya ya bi, watau wani ɗan sinadari mai lanƙwasa in lantarki ya ratsa shi, shi ne yake matso tawadar ba tare da zafi ba.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya duba shi ne yadda ake zuba tawada. Akwai mai katirij, watau ɗan kwanson tawada da akan sake in ya ƙare, akwai kuma mai tanki wadda akan ɗura mata tawada daga kwalba. Epson ne ya fara sayar da mai tanki a ƙasar Indunisiya cikin 2010, daga baya Canon da HP suka fito da nasu. Mai katirij tana da araha ranar saye, amma baƙin katirij na HP mai lamba 123 an ƙiyasta shi a kan shafi 120 kacal, alhali kwalbar baƙar tawada ta Epson mai lamba 003 an ƙiyasta ta a kan shafi 4,500. Saboda haka a raba kuɗin tawada da yawan shafukan da aka rubuta a jikin kwalinta, abin da ya fito shi ne ainihin kuɗin kowane shafi. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Har ila yau, wasu firintoci sukan haɗa launuka uku cikin katirij guda, in ɗaya ya ƙare sai a jefar da sauran biyun. Wasu kuma an sa musu wata 'yar na'ura mai ƙin karɓar tawadar da ba ta kamfaninsu ba. Ya kamata a tambayi duk wannan tun a kanti, kana a tabbata akwai tawadar da masu gyaran irin wannan firinta a garin da mutum yake zaune.

Abu na biyu shi ne wutar lantarki. Firinta mai fesa tawada ba ta cika wuce wat 20 ba in tana aiki, don haka ƙaramin sola ko inbata yana ɗaukarta. Takwararta mai aiki da leza kuwa takan ja ɗaruruwan wat, domin sai ta narkar da garin tawada da zafi kafin ya kama takarda.

Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Aibin mai fesa tawada shi ne in an daɗe ba a yi aiki da ita ba, tawada takan bushe ta toshe kafofinta, zafin bazara da ƙurar hunturu kuwa ƙara wa abin muni suke yi. Maganin wannan shi ne a buga ko da shafi guda kowane mako, a lulluɓe ta da mayafi, a kuma kashe ta da maɓallinta maimakon fizge waya daga bango, don kan ya koma mazauninsa ya rufu.

Ɗalibin da zai buga ɗaruruwan shafuka, da ma'aikacin da yake da 'ya'ya a makaranta, mai tanki ce ta dace da su, ko da ta fi tsada da fari. Wanda kuwa sai wata-wata yake buga shafi biyu ko uku, gara ya ci gaba da zuwa shagon buga takardu, ya bar kuɗinsa a aljihu.